Kafin ka sayi na'urar numfashi ta nutso a gwanjo

'Yan uwa masu nutso a Lagdo da bakin Binuwai, na ga ana ta kawo na'urar numfashi ta gwanjo daga Duwala. Kada ƙyallin ƙarfe ya ruɗe ku.

Fara leƙa matatar da ke bakin da ake ɗaurawa a tukunyar iska. In ta yi kore, ruwan teku ya shiga ciki ya ci ƙarfen. Rabu da na'urar, ko da kyauta ce. Lanƙwasa mesa kusa da ƙarfe, nan tsagewa ke ɓuya. Duba kuma bakin DIN ne, wato mai shiga da murɗawa, ko mai maƙala, ya dace da tukunyarka.

Iskar tukunya tana kai bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), kashin farko na na'urar, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a tukunya, ke sauko da ita wajen bar 10. Ɗaura, buɗe iska a hankali, ka kasa kunne. In abin baki ya fara huci shi kaɗai bayan minti biyu, akwai gyara. Shi ya sa na fi son ƙirar kamfanin Scubapro, Apeks ko Aqualung, don ana samun robobin gyaransu. Tawa ta farko wata biyar ta yi a rataye saboda roba ɗaya tak!

Ko ta yi lafiya, ƙwararre ya buɗe ta kafin ka shiga ruwa, sannan gwaji a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa.

Bayan aiki, busar da murfin bakin da ake ɗaurawa a tukunya, rufe bakin da shi, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ban da danna maɓallin fitar da iska. Shanya a inuwa, ranar Garwa tana cinye roba. Man inji kuwa kada ya kusance ta.