Kurakuran da ƙananan ma'aikata ke yi a kamfanonin juya jarin jama'a

Kowace shekara jami'o'in Ngawundare da Marwa a Kamaru da ta Injamena a Cadi suna yaye ɗalibai a fannin tattalin arziki da lissafin kuɗi, kuma wasunsu idonsu na kan kamfanonin da ke juya jarin jama'a. Ina murna da hakan, domin 'yan arewa kaɗan ne a wannan sana'a. Damuwata ita ce, da yawa suna neman matsayin mataimaki ko ƙaramin mai nazari ba tare da sanin nauyin da za a ɗora musu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa mataimaki zai zauna yana zaɓen hannun jarin da za a saya. Wannan zato daga bidiyoyin kasuwar Amurka ya fito, tamu kuwa ba haka take ba. Ƙasashe shida na CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arziki ta Afirka ta Tsakiya, kasuwar hannayen jari ɗaya suke da ita, BVMAC da ke Duwala, tun bayan haɗe kasuwar Duwala da ta Libreville a 2019. Kamfanonin da ke cikinta, irin su Socapalm da Safacam da SEMC, ana ƙirga su da yatsu, kuma hannun jari kan kwana da yawa ba wanda ya taya. Mafi yawan kuɗin da asusan jarin da kamfanonin nan ke juyawa ke riƙe da su suna cikin takardun bashin gwamnatoci da ake gwanjonsu ta hannun babban bankin BEAC: BTA masu wa'adin mako 13 ko 26 ko 52, da OTA masu shekara 2 zuwa sama. Saboda haka, ƙanena, idan za ka je jarrabawar ɗaukar aiki, ka fara da lissafin takardun bashi. Ka san cewa ruwan BTA tun farko ake cire shi, na OTA kuwa shekara-shekara ake biya. Ka iya bayyana dalilin da ya sa takardar sefa 10,000 mai ruwa kashi 6 cikin ɗari, idan an saye ta a 9,500, ribarta ta haura kashi 6, da dalilin da ya sa farashin tsohuwar takarda ke faɗuwa idan kuɗin ruwa ya tashi.

Ko da an kai ga yanke shawarar saye, manajan asusu da kwamitin zuba jari ne ke yankewa. Aikin mataimaki yana ƙasa da nan, kuma a nan ne wasu ke raina abin da aka ba su. Da safe zai gwada littafin kamfani da na bankin da ke ajiye takardun, ya tabbatar kuɗi da adadin takardu sun yi daidai. Zai duba ko ruwan da wa'adinsa ya cika ya shigo. Zai tattara farashi a fitar da darajar kowane kaso na asusun, wadda da ita mai shiga ke saye, mai fita kuma ke karɓar kuɗinsa. Zai duba ko ba a wuce iyakar da ƙa'idar asusun ta yanka wa mai bashi guda ba, ya shirya rahoton wata, ya rubuta abin da kwamiti ya zartar. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin aikin magatakarda ya yi asara, domin ta nan ake sanin cikin asusu. A asusun sefa biliyan 5, kuskuren kashi 0.1 cikin ɗari miliyan 5 ne, kuma daga aljihun wani ɗan fansho ko 'yar kasuwa za su fita.

Akwai wani tarko ƙarami da ke kayar da mu musamman. A rubutun Faransanci waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta, a na Turanci kuwa ɗigo ne, waƙafi kuma na dubbai. Ka kwaso farashi daga rahoton Turanci ka zuba a Excel na Faransanci, sai 1,250 ta koma ɗaya da kwata. Ka saba da duba jimilla ta hanya biyu kafin ka tura, kuma kada ka rubuta lamba da hannu a gidan da ya kamata lissafi ya zauna.

Idan kuma kuskuren ya riga ya tafi, mafi munin abu shi ne gyara shi a ɓoye. Tarbiyyarmu ta kunyar manya tana sa yaro ya yi shiru har abu ya ruɓe. Ka shiga wurin maigidanka nan take, ka ce: “Ranka ya daɗe, darajar jiya akwai kuskure, ga inda yake, ga girmansa, ga gyaran da nake gani.” Kuskuren da aka faɗa da safe ana gyara shi kafin azahar. Wanda mai binciken lissafi ya tono bayan wata uku kan tafi da aikin mutum, ya kuma jawo wa kamfani tambayoyin COSUMAF, hukumar da ke sa ido kan kasuwar daga Libreville.

Na kuma sha jin matasa na cewa bashin gwamnati ba shi da haɗari. Kuɗinmu ɗaya ne, yuro ɗaya sefa 655.957, amma baitulmali shida ne, kowanne da halinsa. Yawancinsu sun dogara da man fetur, kuma Cadi sai da ta zauna da masu binta bashi na waje har aka cimma yarjejeniya a 2022. Mataimakin da ke bin kasafin kowace ƙasa da sakamakon gwanjo, yana lura da wadda ta nemi kuɗi ba ta samu cikakke ba, shi ne manaja zai fara tambayar ra'ayinsa. Ga kuma wahalar sayarwa: takarda na iya zama mai kyau, amma ranar da masu jari suka nemi kuɗinsu a rasa mai saye.

Batun shaidar karatu ba na tsawaita shi. Jarrabawar CFA, wato ta ƙwararrun masu nazarin harkar kuɗi, mataki uku ce, da Turanci ake yinta, kuma sai an haɗa da sa'o'i 4,000 na aiki kafin a ba da shaidar. Kada ka zauna gida kana jiranta. Yawancin kamfanonin suna Duwala, amma aiki a sashen lissafi na reshen banki ko kamfanin inshora a Garwa ko Mundu tsani ne na gaske.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali daga gida yake zuwa. Da an ji ka samu aikin, kawu zai kira: “Ɗana, ga kuɗin shanuna, ka juya mini.” Kada ka karɓa. Tara kuɗin mutane a juya su aiki ne mai lasisi, lasisin kuma na kamfani ne, ba naka ba. Ka ce masa: “Kawu, zan raka ka ka buɗe da sunanka, a ba ka takarda.” Kada ka yi wa kowa alkawarin riba, kuma sunan wanda ya zuba kuɗi ko abin da asusu ke shirin saye ba zancen majalisa ko WhatsApp ba ne.

Sai batun riba ta fuskar addini, wato kuɗin ruwa, wanda wasu ke kau da kai daga gare shi har sai sun sa hannu a takardar aiki. Yawancin abin da za ka lissafa kullum ruwan bashi ne. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki tun kafin ka nemi aikin, ka bayyana masa ainihin abin da hannunka zai taɓa. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka nemi bankunan da ke da sashen hada-hadar Musulunci, ka kuma karanci sukuk, wato takardun jari na tsarin Musulunci, wanda Senegal ta fitar a 2014, Najeriya kuma a 2017. Lissafin da ka koya a kan OTA zai yi maka aiki a can ma.