Kafin ka kifa kan zakin nan

Kakar wasa uku na yi ina shiga rigar zaki a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, aikin da ake kira maskot. Kwanan baya wani ƙanena ya zo wai shi ma zai gwada, a ganinsa rawa ce kawai da ɗaukar hoto da 'yan kallo. Abin da na zaunar da shi na faɗa masa ne nake rubutawa nan.

Babban abokin gabanka zafi ne. Rigar soso ce da gashin roba, kan kuwa kamar an kifa maka tukunya. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙarfe huɗu na yamma rana ba ta yi sanyi ba, kai kuma kana ciki iska ba ta ratsa ka. Fara shan ruwa tun daren jajiberin wasa. Wanda za ka kwankwaɗa a bakin fili cikinka kawai zai cika. Ka tafi da ruwan gishiri da sukari a gora. Kada ka ci tuwo da rana, na taɓa yi, kuma ba na son tuna yadda aka ƙare. Ni minti 20 nake yi, in na matsa 30, sai in shige ɗakin canja kaya in cire kan in sha iska. Idan kanka ya fara sarawa, ko jiri ya ɗebe ka, ko ka ji gumi ya tsaya alhali jikinka na ƙuna, bar filin nan take ko da ana shirin buga fanareti. Ɗaura ƙyalle a goshi, domin gumi zai gangaro maka ido kuma ba ka da hannun sharewa. Da azumi kuwa ban taɓa yarda na shiga rigar da rana ba.

Sai gani. Idanun zakin ado ne, ta wata 'yar raga a bakinsa kake leƙe. Ba ka ganin ƙafarka, ba ka ganin gefenka, yaro ɗan shekara uku zai tsaya a gabanka ba ka sani ba. Don haka kada ka fita ba ɗan jagora. Ku shirya alamarku tun a ɗaki. Mu in na dafa kai sau biyu, ya san a fitar da ni. Shi zai nuna maka matakala, ya kuma kore samarin da ke jan wutsiya.

Zaki ba ya magana, ko da abokinka ya kira sunanka. Hannu da kafaɗa ne bakinka, kuma dole motsin ya yi girma, don wanda ke can saman benci ba zai ga ɗan kaɗa hannu ba. Sa rigar a gida a ɗauke ka bidiyo a waya, za ka ga abin da kake zaton tsalle ne ashe ɗingishi ne. Kan kuma ba a cire shi a gaban jama'a. Sau ɗaya na yi, ƙishi ya ci ƙarfina, sai wani yaro ya ƙwala ihu: "Laa, ashe mai gyaran waya ne!" Har aka tashi yaran ba su ƙara kula ni ba.

Yaron da ya tsorata kada ka bi shi. Durƙusa, ka miƙa hannu, ka jira. Magoya bayan baƙi kuma a bar su. In an ci su ka je gabansu kana rawa, jifa da ledar ruwa ce mafi sauƙin abin da zai same ka, kuma da wannan ƙafar ba ka iya gudu.

Da an tashi juya rigar ka shanya a inuwa. Kan ba a tsoma shi a ruwa, goge cikinsa ake yi da Dettol. In ka ƙulle ta a buhu da gumi, ranar wasa na gaba ko ɗan jagoranka nesa-nesa zai riƙa bin ka.

Maganar kuɗi a gama ta kafin ka sa ƙafa a rigar. Jerry Quy ya shekara 27 yana shiga rigar Gunnersaurus, maskot ɗin Arsenal, amma a watan Oktoban 2020, lokacin da korona ta hana 'yan kallo shiga fili, aka sallame shi, har Mesut Özil, ɗan wasan ƙungiyar a lokacin, ya fito ya ce shi zai biya albashinsa. Wannan a Landan ke nan. A nan gida, tambayi nawa ne kuɗin wasa ɗaya, wa zai biya mota in za a je waje, wa zai sayi sabulu. Ni ban tambaya ba, kakar farko da lemo ɗaya da "Allah ya yi albarka" nake komawa gida.