Yadda ake gyara tsohon kan tirela a sake masa fenti

Yawancin masu sayen tsohon kan tirela don su tashe shi, launi suke fara tunani: ja ko shuɗi, wane zane za a yi a ƙofa. Na sha ganin ƙarshen irin wannan aikin. Mota ta fito tana ƙyalli, kafin shekara ta zagayo fenti ya kumbura a gindin ƙofa da kewayen gilashi, sai a ɗora wa mai sayar da fenti laifi, alhali abin da aka binne a ƙarƙashi ne ya taso.

Ba zan tsaya kan inji da birki ba. Bakanike ya gama nasa tukuna, kada a fesa sannan a dawo ana goga baƙin mai a jikin sabon fenti.

Fara da kwance duk abin da ke kwantuwa: fitilu, madubai, hannayen ƙofa, bamba, matakala da robobin gilashi. Masu gaggawa sukan liƙa salatif a kai su fesa haka nan, kuma a bakin robar nan tsatsa ta fi ɓuya. Sannan ka bi jikin motar da mayen ƙarfe. Da yawa daga motocin Amurka irin su Peterbilt da Kenworth jikinsu alminiyam ne, bonet kuma faiba, na Turai irin su MAN da DAF galibi ƙarfe ne. Idan jikin ƙarfe ne amma mayen ya ƙi kamawa a wani wuri, tsohuwar fila ce, wato kwaɓin cike lotsawar jikin mota, mai kauri a nan, tone ta ka ga abin da ta rufe.

Yanzu sai wanki, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Shasin tsohuwar tirela ya yi shekaru yana shan giris da dizal da baƙin mai. Wanda ya ɗora sanfefa ko giranda kafin ya wanke, shafa maiƙon yake yi cikin kowace ƙarzar da ya yi wa ƙarfen, daga nan fitar da shi sai an sha wuya. A wanke da maganin maiƙo da ruwa mai ƙarfi, in da hali mai zafi, a bari ya bushe, a sake. Ni a wurina wanki ɗaya bai zama wanki ba. Bayan haka a goge da ruwan cire maiƙo na masu fenti, da tsumma biyu: ɗaya na shafawa, ɗaya busasshe yana bin bayansa nan take kafin ruwan ya bushe. Da tsumma ɗaya, ɗauko datti kawai kake daga nan kana ajiyewa can. Ka kuma nisantar da man ƙyalla taya da na goge dashbod daga wurin aikin gaba ɗaya, domin silikon ɗin da ke cikinsu shi ke sa fenti ya yi ƙananan ramuka tun yana ɗanye.

Tsatsar da ta huda ƙarfe yanke ta ake yi, a yi waldar sabon falle. Fila ba ta warkar da tsatsa, aikinta daidaita ɗan lotsawa ne, kuma kada kaurinta ya wuce milimita 3. In ramin ya fi haka, a buga ƙarfen ya taso. Kafin walda cire kan batir da filogin kwamfutar injin. Dogayen ƙarafan shasi kuwa, kada ka yarda a huda ko a yi walda a leɓensu na sama da na ƙasa, yawancinsu gasassun ƙarfe ne, wuta na raunana su.

Shasi ya fi fita da injin feshin yashi, bayan an naɗe bututun iskar birki da wayoyi. Yashin gini yana da ƙurar silika mai lalata huhu, a nemi wanda aka yi don aikin. Kada a kai wannan injin jikin alminiyam ko faiba, zai lanƙwasa ɗaya ya cinye ɗayan.

Ƙarfen da aka tsiraita ba ya kwana. A ranar za a fesa masa faraima, wato shafin farko na ƙarƙashin fenti, ta efoksi, kuma kada a taɓa shi da hannu ba safa, gumin tafi ya isa ya sa tsatsa. Efoksi ya fi tsada, na sani, amma gara a rage kuɗin ado da a rage nan.

Sauran aikin haƙuri ne da sanfefa: lamba 80 a siffanta fila, 180 a lallaɓa ta, a fesa faraima mai kauri, a bi da 320, a gama da 400 zuwa 600. Shasi ake fara fesawa, sannan ɗakin direba. Sa matatar ruwa a bututun kwamfuresa, ka zubar da ruwan tankinta kowace safiya. Haɗa fenti da hadina, wato ruwan da ke sa fenti ƙarfi, bisa awon da ke jikin gwangwani, da kofin awo, ban da kintace. Riƙe bindigar fenti santimita 15 zuwa 20 daga jiki, kowane layi ya hau rabin na baya, shafi biyu ko uku da tazarar minti 10 zuwa 15. Hadina na ɗauke da guba mai taɓa huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, mafi aminci shi ne mai kawo iska ta bututu.

A jira kwana biyu kafin a mayar da fitilu da madubai, da sababbin robobin gilashi. Man ƙyalli kuma sai bayan wata guda aƙalla, lokacin da fentin ya gama ƙarfi.