Darasi na Bakwai: Tara Duwatsun Kobalt da Nikel

Akwai kobalt a cikin batirin wayar da ke aljihunka. Akwai nikel a jikin tukunyar nan mai ƙyalli da ba ta tsatsa. Ƙarafan nan biyu daga dutse ake fitar da su. Yawancin dutsen niƙe shi ake yi a narka, amma jefi-jefi mahaƙa kan ci karo da ƙwaya mai fuskoki sumul da kusurwoyi daidai wa daida, ba mahaluƙin da ya sassaƙa ta, haka Allah Ya halicce ta a ƙarƙashin ƙasa. Ita ake kira kiristal. Akwai masu sha'awar neman irin waɗannan ƙwayoyi, su saya, su adana, kowace da takardarta.

Mun kawo wannan darasi ne saboda harka ce da ba ta yiwuwa sai da karatu da rubutu da lissafi. Wanda bai iya karanta takardar dutse ba, abin da mai sayarwa ya faɗa masa kawai zai ɗauka.

Ƙarfe zalla ba ya fitowa daga rami

Ba a haƙo kobalt shi kaɗai. Kullum a haɗe yake da wani abu, kamar farar wuta ko asenik, wanda Larabawa ke ce wa zarnik. Shi ya sa aka daɗe ba a gane shi ba. Sai wajen 1735 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Georg Brandt, ya ware shi, sannan ɗan ƙasarsu Axel Cronstedt ya ware nikel a 1751. Don haka in an nuna maka dunƙule aka ce kobalt ne zalla daga dutse, daga masana'anta ya fito.

Nikel kuwa akan same shi gauraye da baƙin ƙarfe a duwatsun da ke faɗowa daga sama. A nan Saudiyya akwai irinsu a Wabar, cikin hamadar Rub'ul Khali, inda wani Bature matafiyi mai suna Philby ya isa a 1932. Wani ɓalli daga can, wanda ya haura tan 2, yana Gidan Tarihi na Ƙasa a Riyad. Wanda ya sami zuwa Riyad ya daure ya je ya gani.

Sunayen da za ka riƙe

Karanta kowane suna da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, sannan ka rubuta shi a littafinka.

Kobaltait. Launin azurfa ne da ɗan ja-ja a cikinsa. Ƙwayarsa takan fito mai fuska 6 kamar dunƙulen Maggi, wani lokaci mai fuska 12. Waɗanda suka fi suna daga Tunabag suke, a Suwidin. Tsofaffin ramuka ne da aka daina haƙa tuntuni, shi ya sa ƙwaya mai kyau take tsada.

Sikutarudait. Fari-fari ne zuwa ruwan toka, mai ƙyallin ƙarfe. Sunan wani wuri ne a ƙasar Nowe ya ci, amma mafi kyawunsa daga Bu Azzar ake samu, a kudancin Maroko. A ganina da shi ya kamata sabon shiga ya fara, don ya fi sauran samuwa a hannun masu sayarwa, kuma yana da ƙwari.

Karolait. Wannan shi ne mai ɗaukar ido. Fuskokinsa sukan yi sheƙi har ka ga inuwar yatsanka a jiki, kuma sau da yawa a zaune yake cikin wani farin dutse mai laushi da ake kira kalsait. Jan ƙarfe ne da kobalt da farar wuta suka haɗu a cikinsa. Na ramin Kamoya da ke yankin Katanga a Kongo sun yi fice. Kongo ɗin nan ita ke samar da sama da kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, kuma a wasu ramukanta talakawa ne ke tono da hannu, har da yara ƙanana. Ya kamata mai riƙe da irin wannan dutse ya san haka.

Nikelin. Launin jan ƙarfe ne mai haske. Da wuya ya fito da fuskoki, yawanci dunƙule ne. Nauyi ke tona shi: ya kusa ninka farin dutse mai girmansa sau 3.

Milarait. Tsinke-tsinke yake fitowa, sirara ƙwarai, ruwan tagulla, a cikin kogon dutse. Na jihar Kentaki a Amurka sanannu ne. Ba a taɓa shi da yatsa ko kaɗan, don nan take zai karye.

Akwai wasu biyu marasa ƙyallin ƙarfe da ke tafiya tare da waɗannan. Eritirait, mai ruwan hoda zuwa ja, yana fitowa inda danshi da iska suka ci dutsen kobalt mai asenik. Anabajait, kore shar, yana fitowa a kan na nikel. Mahaƙa na dā da su suke gane abin da ke ƙasa.

Guba ce, a kula

Ban da karolait da milarait, duk waɗanda muka ambata akwai asenik a cikinsu. Ɗaukar dutsen a hannu ba ya kisa. Haɗarin yana cikin ƙurarsa da hayaƙinsa. Kada ka daka shi, kada ka goga shi a dutsen wasa wuƙa, kada ka sa shi a wuta, kada ka lasa don ka ga launinsa. In an buge shi da guduma yakan yi warin tafarnuwa, kuma wannan warin na asenik ne, ba abin shaƙa ba ne. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa, tun ba in za ka ci abinci ba.

Iyaye mata, a nan nake roƙonku. Sikutarudait yana kama da dutsen kwalli a ido, toka-toka mai ƙyalli. Kada a ajiye su wuri ɗaya, kada a bar shi inda wata za ta ɗauka ta niƙa. Eritirait kuma launinsa na jan hankalin yaro, ga shi da laushi, yana marmashewa. Akwati mai makulli, a sama, inda hannun yara ba ya kaiwa. Wasu mutanen kuma fatarsu ba ta jituwa da nikel, irin waɗanda agogo ko ɗan kunne ke sa wa ƙaiƙayi. Su sa safar hannu.

Gwaji a gida

Kayan aikin ba su da yawa: mayen ƙarfe, gilashin ƙara girma mai ninkawa sau 10, ƙaramar wuƙa, da rula.

Fara da mayen ƙarfe. Kobalt zalla da nikel zalla suna manne masa. Amma duwatsun da muka lissafa ba sa mannewa. In dunƙule ya yi tsalle ya kama mayen ƙarfe, to ko ƙarfen masana'anta ne, ko wani dutsen tama ne daban.

Sai ƙwari. Wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'auninsa a 1812, daga 1 zuwa 10. Farcen mutum 2.5 ne, wuƙa wajen 5.5. Dutsen kwalli 2.5 ne, wuƙa na kartarsa ba wahala. Kobaltait 5.5 ne, sikutarudait yakan kai 6, da ƙyar wuƙa za ta bar masa alama. Eritirait kuwa farce ma ya ishe shi. Ana yin wannan gwajin a ƙasan dutse, inda ya riga ya fashe, a goge da tsumma mai danshi, a yar da tsumman. Fuskar ƙwaya ba a kartarta har abada. Zane guda a kanta na iya zubar da darajarta.

Karatu: a gaban waya

Wani dattijo ɗan ajin yamma a unguwar Hindawiyya yana zaune bayan la'asar, sai ɗan ƙanwarsa ya miƙo masa waya.

"Kawu, ga wani an sa a kasuwar intanet. Riyal 80 kacal. Dubi ƙyalli!"

"Kawo in karanta da kaina, ɗana. Me aka ce sunansa?"

"An ce dutsen kobalt."

"Wanne daga ciki? Kuma daga wane rami?"

"Bai rubuta ba, Kawu."

"To ka ce masa ya turo hoton takardarsa, da hoton bayan dutsen, ya ɗora shi kusa da rula. In ya ce ba takarda, ka yi masa godiya ka bar shi."

Dattijon ya yi daidai. Ana yin algus a wannan harka. Akwai ƙwallon dutse mai kogo da ake fasawa, a manna ɓarɓashin dutsen kwalli a ciki da gam, a sayar wa baƙi. Akwai ƙwayar da ta ɓalle aka mayar da ita kan wani dutsen da ba nata ba. Ka sa gilashinka a gindin ƙwaya, daidai inda ta haɗu da uwar dutsen. In ka ga wani abu mai sheƙi ya taru a wurin, ko garin dutse da aka barbaɗa don a rufe tsaga, gam ne. Mai sayarwa na gari da kansa zai gaya maka in an yi wa dutse gyara.

Takardar dutse

Wannan shi ne babban aikinmu a yau. Dutse biyu na iya zama iri ɗaya a ido, amma mai takardar da ta faɗi ramin da ya fito ya fi maras ita daraja nesa ba kusa ba. Suna, masani na iya gano maka shi ko bayan shekara 50. Wurin da aka haƙo shi kuwa in ya ɓace da wuya a sake saninsa. Ga misalin yadda ake rubutawa:

Lamba: 1
Suna: Sikutarudait
Wuri: Bu Azzar, Maroko
Girma: santimita 3 da 2
Inda aka saya: Jidda
Rana: 5 ga Maris, 2024
Kuɗi: riyal 60

Rubuta da biro mai kyau wanda ba ya dusashewa. Lambar nan ka sake rubuta ta a 'yar ƙaramar takarda, ka manna a ƙasan akwatin dutsen, sannan ka shigar da komai a littafi guda da ka ware. In dutsen ya zo da tsohuwar takarda, da Larabci take ko da boko, ko da ta yage, kada ka yar. Kwafe ta harafi bayan harafi, ka ajiye ta tare da taka. Abin da ba a gaya maka ba, bar gurbinsa fili, kada ka cike da zato.

Ajiya

Mazauna Jidda sun san danshin teku. Shi ke dusashe ƙyallin waɗannan duwatsu. Kowane dutse da ƙaramin akwatinsa na roba mai murfi, don kada su gogi juna. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, daina zubar da su, jefa ɗaya a kowane akwati. Kada a ajiye a kicin, ko kusa da banɗaki, ko ƙarƙashin mukayyif mai ɗiga, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙura da buroshi mai laushi ake kaɗe ta. Lemon tsami da ruwan khal suna cinye kalsait, wato mazaunin karolait. A riƙa ɗauka ta gefe, don gumin yatsa na barin tabo.

Kafin ka ɗauki dutse a daji

Yammacin Saudiyya ƙasar ma'adinai ce. Akwai zinariya a Mahdu Zahab, da jan ƙarfe a Jabal Sayid, an kuma gano nikel a Wadi Ƙatan ta wajen Najran. Amma sashe na 14 na Tsarin Mulkin ƙasar ya ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa da bayanta na hukuma ne, kuma sabuwar dokar ma'adinai ta fara aiki a 2021. Haƙa ba lasisi laifi ne, zai iya ja wa baƙo matsala a kan iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama. Tsohon rami kuma yana ruftawa. Mai neman bayani ya nufi Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na nan Jidda. Mazauna Makka da Madina su tuna cewa malamai da yawa sun hana ko sun karhanta fitar da dutse ko ƙasar Harami zuwa waje.

Aiki

1. Rubuta sunayen duwatsu 3 masu asenik, da abu 3 da ba a yi da su.
2. An kawo maka dunƙule ya manne wa mayen ƙarfe, an ce sikutarudait ne. Me za ka ce?
3. Kana da riyal 200. Ka sayi dutse na riyal 85, da gilashi na riyal 25, da akwati 6 kowane riyal 4. Nawa ya rage?
4. Samo kowane irin dutse daga ƙofar gidanku, in ba a cikin Harami kake zaune ba. Auna shi da rula, ka rubuta masa cikakkiyar takarda, ka zo da su aji mako mai zuwa. Na cikin Harami su auna dutsen a inda yake, su zo da takardar kawai.