Yadda Ake Shirya Mota Kafin Doguwar Tafiya Daga Sakkwato

Duk inda mutum ya nufa daga Sakkwato, hanya doguwa ce. Gusau kaɗai ta haura kilomita 200, Kano kuwa ta wuce kilomita 500, kuma wanda ya bi ta Tambuwal da Jega zuwa Yawuri da Kwantagora ya san akwai wuraren da zai daɗe yana tafiya bai ga garejin kirki ba. Ga zafin da ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, wanda shi ne babban abin da ke tona asirin motar da ba a kula da ita ba. Saboda haka shirin ya kamata ya fara kwana uku ko huɗu kafin ranar tashi, domin idan bakanike ya taɓa wani abu, a samu damar zagayawa da motar cikin gari a tabbatar gyaran ya zauna.

A fara da abin da ke sanyaya inji. Da safe, kafin a tayar da motar, a buɗe murfin lagireto a duba ko ruwa ya cika, sannan a leƙa ƙarƙashin motar ko akwai ɗigo a ƙasa. A matsa robobin da ke kai ruwa inji da hannu: wadda ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ko ta kumbura kusa da maɗaurinta, a canza ta tun a gida. Da yawa daga cikinmu ruwan rijiya ko na famfo muke zubawa, alhali yana barin tsatsa da dattin da ke toshe lagireto a hankali. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan ya fi jure zafi kafin ya tafasa, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na gyaran injin da ya ƙone ba. Bayan haka a bar motar tana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta, a kuma duba fanbel ko ya tsattsage. Idan kuma aka yi rashin sa'a motar ta ɗauki zafi a hanya, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin tafasasshen ruwan yana feso wa mutum a fuska da hannu.

Sai baƙin mai. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikinta. Idan lokacin juye ya kusa, a yi shi kafin tafiya tare da sabuwar matatar mai. A ce wa bakanike ya buɗe matatar iska, musamman bayan hunturu, lokacin da ƙura ke cika ta har motar ta riƙa shan mai tana kasa ja.

Taya ce inda na fi son mai mota ya tsaya ya natsu, domin fashewarta a guje ba ta ba direba lokacin yin tunani. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: idan an rubuta 2321, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, kuma wannan ya shafi tayoyin gwanjo da ake ganin zanensu da kyau alhali robarsu ta bushe. A shafa gefen tayar a nemi tsaga ko ƙullutu. Iska kuwa da sassafe ake auna ta, kafin taya ta ɗauki zafi, a bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Akwai masu cewa mai faci ya rage musu iska saboda zafin kwalta, kuma wannan kuskure ne mai haɗari, domin tayar da ba ta cika ba ta fi lanƙwasawa a guje, ta fi ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa. Kada a manta da safaya: a sauko da ita, a auna ta, a kuma gwada jak da sifanar taya a tabbatar suna aiki.

Birki a gwada shi a fili; idan yana ƙara, ko yana jan motar gefe guda, ko ƙafa tana nutsewa har ƙasa, a koma gareji. A duba man birki, da kan batir ko ya yi farin gari, da fitilun gaba da na baya da sigina, da waifa idan damina ce.

Takardu su kasance a wuri guda kusa da hannu: lasisin tuƙi, takardun mota, inshora da shaidar lafiyar mota, dukansu waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba. A but ɗin mota, wato ma'ajiyar kaya ta baya, a sa abin kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tocila, jarkar ruwa da fanbel na ko-ta-kwana. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, kuma kada a lafta wa mota abin da ya fi ƙarfinta don kawai 'yan uwa sun kawo saƙo.

Ranar tafiya a cika tanki tun daga gari, a tashi bayan sallar asuba idan gari ya fara wayewa, a lissafa yadda za a sauka kafin magariba. Matsalar tsaro a hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba ɓoyayyiya ba ce, don haka a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a kama ta, kuma a guji tafiyar dare gaba ɗaya. A riƙa tsayawa cikin gari, inda akwai jama'a, ana hutawa ana leƙa tayoyi, a sanar da wani na gida hanyar da aka bi, a kuma ajiye lambar gaggawa ta FRSC, wato 122, a cikin wayar da ke da cikakken caji.