Yadda ƙungiyar kiɗan rok marar mawaƙi ke haɗa faifai

Kiɗan rok zalla, wanda babu mai rera waƙa a cikinsa, ya daɗe. Cikin ƙungiyoyin da suka shahara da shi, The Ventures sun kafu a Amurka a 1958, Mogwai kuma a Glasgow ta Scotland a 1995. Duk mai wannan salo da matsala guda yake fama: tunda babu murya, dole wani kayan kiɗa ya ɗauki aikin mawaƙi. In ba a warware wannan tun farko ba, situdiyo komai tsadarsa ba zai ceci faifan ba.

Don haka ku fara tantance wanda zai ja ragamar kowane kiɗa. Yawanci jita ce, amma bes (jita mai kaurin sauti) ko piyano ma suna iya ja. Karin da ake so ya maƙale a kunne ya zama gajere, wanda mutum zai iya yin fito da shi bayan ya ji sau biyu. In bai fito ba, a sake shi.

Sai bita. Ku riƙa ɗaukar ta ko da waya ce, ku saurara washegari. A nan za ku ji inda kiɗan ya yi tsawon banza. Masu jita, Allah ya ba su haƙuri, suna son maimaita abu sau takwas inda huɗu ya isa. A yanke.

Ranar ɗauka, a sa sabbin tsirkiyoyi, a gyara sautin ganguna, sannan a fara da ganguna da bes tare, domin su ne harsashi. Ku yanke shawara ko za ku bi na'urar ƙidayar bugu. Tana sauƙaƙa gyara daga baya, amma kiɗan da ke tafiya a hankali sannan ya ɓarke da ƙarfi, irin na ƙungiyar Explosions in the Sky, a ganina ya fi rai idan makaɗan suna kallon juna suna bin numfashin juna. Ga jita, makirfon Shure SM57 a bakin lasifikar amfilifaya ya wadatar. A ɗauka a 24-bit (ma'aunin ingancin ɗaukar sauti), kada a cika ƙarar har ta fashe. Ƙarin jita da sauran ado su biyo baya, kaɗan-kaɗan.

A wajen miksin, wato haɗa sautukan da daidaita su, tsakiyar sauti tsakanin lasifikar hagu da ta dama da aka saba bar wa murya ta zama ta mai jan ragama. Kada a matse sautin wai don ya yi ƙara. Manhajar sauraron kiɗa ta Spotify na daidaita ƙara a kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti), ka ga an yi asarar bambancin laushi da ƙarfi a banza.

Kafin mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe, ku tsara jerin kiɗe-kiɗen. In za a buga faifan garmaho, gefe ɗaya bai cika wuce minti 22 ba. Kowane kiɗa kuma yana buƙatar lambar ISRC, wato lambar shaidarsa, kafin ya hau manhajoji irin su Spotify, kuma kamfanin rarrabawa kan bayar da ita.