Yadda na gyara kunun yaron da nauyinsa ya tsaya

Yaro ɗan wata 7, yana shan nono, yana shan kunu sau uku a rana, amma wajen awo nauyinsa ya tsaya cak. Laifin kunun ne. Tsararo ake dama masa don ya bi ta bulumboti, ga cikin jariri ɗan mitsitsi, ruwa ya cika shi kafin abinci ya samu wuri.

Sai na sauya haɗin: gero gwangwani 3, waken suya 1, gyaɗa 1. Kowanne a soya shi daban a busasshiyar tukunya, domin waken ya fi daɗewa a wuta, in bai soyu ba yana gafi, yana kumbura ciki. A cire ɓawonsa. Gyaɗa kuwa a tsince ta da kyau, duk mai fumfuna a zubar. A niƙa, a tankaɗe.

Wajen damu, a bar shi ya dahu minti 10, ya yi kauri har in an karkata cokali ba ya zuba sai a hankali. A zuba ƙaramin cokali na manja. A kofi ake ba shi da cokali, nono kuma bai tsaya ba. Zuma dai kar a sa sai ya shekara.

Awon wata na gaba, nauyi ya motsa.